Bindigar da Babu Ita a Cikin Fim

Mai sayen gero a kasuwar Gusau ba ya yarda da abin da ya gani a bakin buhu. Sai ya zura hannu can ƙasa, ya ɗebo, ya murza, ya hura, ya duba ko da tsakuwa ko ƙwari ko danshi, sannan a fara ciniki. Wannan zura hannun yana da tushe mai daraja. A cikin Sahihu Muslim, Abu Huraira ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani tulin abinci da aka kasa, ya sa hannunsa a ciki, sai yatsunsa suka ji jiƙa. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama yadda mutane za su gani, sannan ya barranta daga duk mai yin algus.

Fim kuwa ba a zura masa hannu. Lokacin da za ka san ko yana da kyau, ka riga ka gama biya: ko kuɗin shiga, ko datar wayarka, ko cajin da ka kai shago aka yi maka da kuɗi, ko daren da ka hana idonka barci. Abin da kawai ake nuna maka kafin ciniki shi ne fasta, da tirela, da ɗan hoton nan da ke kan bidiyo a YouTube. Wanda ya tsara su ya san abin da ke ciki, mai kallo bai sani ba. Tambayar da ta daɗe tana cin raina ke nan: me addini da hankali suka ɗora wa mutumin da ke tsaye tsakanin haja rufaffiya da mai son sayenta? Ina iyakar gyaran talla, ina kuma ƙarya take farawa?

Ba don sha'awar ilimi kawai nake tambaya ba, sana'ata ce. Gidana yana Furfuri, shagona yana Gusau, kuma abin da nake ci da shi shi ne tsara katin ɗaurin aure, da kalandar biki, da takardar walimar sauka, da allon shago, da fastocin 'yan siyasa idan zaɓe ya ƙarato. Na yi karatun Risala a zaure, gaban malaminmu, tun kafin in taɓa kwamfuta, kuma babin ciniki na wannan littafin ya fi kowane babi zuwar mini a wurin aiki.

A ƙarshen zangon karatu ɗan ƙanwata ya zo shagon da abokan karatunsa, maza uku da mace ɗaya. An ba su aikin kammalawa: su shirya gajeren fim, su kuma haɗa masa kayan talla, wato fasta, da bana ta ƙofar zauren da za a haska shi, da tirela, da hoton da za a riƙa yaɗawa a WhatsApp. Sai da na zauna na kalli fim ɗin tukuna, don ba na tsara wa abin da ban gani ba fuska. Minti 22 ne, da waya suka ɗauke shi, mafi yawansa a Furfuri. Labarin wani tsoho ne da gonarsa ta nesa ta gagare shi zuwa. Damina ta faɗi, yana zaune a zaure yana gyara ƙotar galma, ɗansa yana lallashinsa su sayar da shanun huɗa su koma birni, shi kuwa ya ƙi. Babu harbi, babu gudu, babu jini. Sau ɗaya tak aka ji ƙarar babura cikin dare, matar gidan ta kashe fitila, kowa ya yi tsit har ƙarar ta wuce. Wannan wurin ya sa tsikar jikina ta tashi, don na san wannan shirun, kowa a yankinmu ya san shi.

Sai suka nuna mini abin da suke so in gyara in buga. Mai tace musu hoto ya sa ƙirƙirarriyar basira ta zana wani mutum da rawani ya rufe fuska, bindiga rataye a kafaɗa, bayansa rumbuna na ci da wuta, sama ta yi ja. A gefe can ƙasa aka liƙa fuskar tsohon, ƙarama.

Na ce, “To, wannan mutumin a wane minti ya fito?”

Ɗan ƙanwata ya ce, “Kawu, ka san mutanenmu. In sunka ga tsoho zaune da galma, wucewa za su yi. Bindiga ita ka tsai da yatsa.”

Gaskiya ya faɗa game da yatsa. Na fi shi sanin haka, don na ga irin hoton da mutane ke tsayawa a kai da irin wanda suke wucewa.

Idan aka ce fasta da addini a ƙasarmu, abin da ke fara zuwa zukatan mutane shi ne hukuncin hoto. Ba zan daɗe a nan ba. Malaman Malikiyya sun tsananta ne a kan mutum-mutumi mai inuwa, cikakken halitta, sun kuma sassauta a kan abin da ke shimfiɗe a takarda ko bango. Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya yi rubutu yana halatta hoton kyamara, yana ganinsa kamun inuwa ne ba ƙaga halitta ba. Akwai malaman da ba su yarda da haka ba, kuma ina girmama wanda ya bi su ya nisanci hoto gaba ɗaya. Abin da nake lura da shi dai, mun shafe fiye da shekara ashirin muna muhawara a kan fim ta ƙofa ɗaya. Tun da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, aka rufe gidajen sinima a jiharmu. Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2016 aka janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai da jama'a sun yi ca a kansa. A duk waɗannan, magana a kan sutura take, da rawa da waƙa, da cakuɗuwar maza da mata. Tambayoyi ne na gaske. Amma da wuya ka ji an hau mumbari an tambayi ko abin da aka zana a kwalin fim shi ne abin da ke ciki, alhali wannan ce tambayar da littattafanmu suka fi bai wa amsa dalla-dalla.

A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya ware babi a kan wani nau'in ciniki da fataken tufafi ke yi. Falke ya zo da dila-dilan kaya a ɗaure. Kwance kowace dila a baje ta gaban kowane mai taya wahala ce, kuma tana ɓata kayan. Sai ya ɗauko takardar lissafinsa, wadda ake kira barnamaj, ya karanta wa masu saye: dila kaza akwai mayafai kaza 'yan Basra, tsawonsu kaza, irinsu kaza. Su saya ba tare da sun buɗe ba. Malik ya halatta wannan, ya ce abin da mutane suka saba yi ne a tsakaninsu ba tare da ganin laifinsa ba. Ya ƙara da cewa idan sun buɗe suka ga kayan ya dace da abin da aka karanta musu, ciniki ya ɗauru ko da sun yi nadama daga baya. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a 996 miladiyya, shi ma ya kawo halaccin sayen abin da ke cikin dila bisa takarda, da sharaɗin siffar ta zama sananniya.

Ka lura da inda nauyin ya faɗa. An yafe wa mai saye gani da ido, amma ba a yafe wa takardar faɗin gaskiya ba. Ita ce ta tsaya a madadin idonsa. Duk halaccin cinikin a kanta ya rataya: in ta dace, an gama, in ta saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. A fahimtata, fasta da tirela su ne barnamaj na fim. Ba fatawa nake bayarwa ba, ban kai ba. Ina faɗin yadda mai sana'a ya ga sana'arsa a cikin littafin da ya karanta. Kuma akwai inda lamarin fim ya fi na dila tsanani, domin wanda aka cuta a tufafi yana iya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, wanda aka cuta a fim kuwa ba shi da inda zai je a mayar masa da minti ashirin ɗinsa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattara abin da ke kan mai sayarwa a cikin Ihya'u a abubuwa huɗu: kada ya yabi haja da abin da babu shi a cikinta, kada ya ɓoye aibinta, kada ya tauye awo, kada ya ɓoye farashin da ake ciki. Bai hana talla ba. Ya yarda mutum ya ambaci alherin da ke cikin kayansa wanda mai saye ba zai sani ba sai an gaya masa. Wannan ƙofar faffaɗa ce, kuma fim ɗin yaran nan yana da abin faɗa da yawa ta cikinta. Bindiga ce kawai ba ya da ita.

Ɗaya daga cikinsu ya ce ai su ba sayarwa za su yi ba, kyauta za su ɗora shi a YouTube, kuma tasharsu ba ta ko kusa da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo da ake nema kafin a fara biyan mutum kuɗin talla. Na ce masa rashin shigar kuɗi aljihunka ba ya nufin ba su fita daga aljihun wani ba. Yarinyar da ke Tsafe ta sayi data da kuɗin da ta tara a sana'ar awara, ita ta biya. Kuma ko da babu ciniki sam, ƙarya ba ta jiran a yi ciniki kafin ta zama ƙarya.

A kusurwar fastar tasu akwai ganyen nan biyu masu lanƙwasa da ake sa wa fim ɗin da aka zaɓa ko ya ci kyauta a bikin finafinai, da ɗan rubutun Turanci a tsakiya. Fim ɗin bai je ko'ina ba. A Canva suka tsinci alamar, suka ga tana ƙara kwarjini. Wannan bai ɗauke mu lokaci ba. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa wata mata ta tambayi Annabi ko da laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya kamanta mai yin haka da wanda ya sa tufafin ƙarya biyu. Suka cire ganyen da kansu. Haka ma shawarar da suka yanke ta sa 'yan ajinsu su cika ƙasan bidiyon da yabo tun kafin su kalla. Na tuna musu da najashu, wato mutum ya tsaya a kasuwa yana ƙara wa kaya kuɗi ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi, abin da aka hana a hadisi ingantacce. Ka roƙi abokinka ya kalla ya faɗi abin da ya gani, wannan zumunci ne. Ka rubuta masa abin da zai faɗa kafin ya gani, wannan tayin ƙarya ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ɗan ƙanwata ya kawo daga ƙarshe, kuma na ji daɗin yadda ya yi tunani. Ya ce, “Kawu, fim ɗin kansa ƙirƙira ne. Tsohon nan ba gonarsa ba ce, yaron ba ɗansa ba ne. In ƙirƙira ta halatta cikin fim, mi ya haramta ta bisa fasta? Kuma bindigar nan, ko ba a gan ta ba, ita ce fim ɗin duka. Don ita tsohon ke zaune.”

Rabin farko na maganarsa yana da amsa a al'adarmu. Mai tatsuniya tana buɗe baki da kalmomin da kowane yaro ya sani, tana kuma rufewa da ambaton gizo da ƙarya, don kowa ya san an shiga wata duniya an fito. Babu wanda ya taɓa kiran kakarsa maƙaryaciya don ta ce kura ta yi magana. Maroƙi ya kira attajiri giwa, duk wanda ke wurin ya san kirari ne. Abin da ya raba ƙirƙira da ƙarya shi ne sanin juna tsakanin mai faɗa da mai ji. Wanda ya zauna kallon fim ya riga ya amince a ba shi labarin da bai faru ba. Fasta kuwa a wajen labarin take tsaye. A bango take, a kan titi, a cikin duniyar da ake biyan kuɗi, kuma abin da take cewa shi ne: ga abin da za ka samu idan ka shigo. Wannan magana ce a kan abu na zahiri, tana iya zama gaskiya, tana iya zama ƙarya.

Akwai wuraren da wancan sanin junan ya kai har kan fasta. A Ghana, daga shekarun 1980 zuwa na 1990, masu yawo da talabijin da bidiyo da janareto ƙauye-ƙauye suna sa masu zane su zana musu fastoci da fenti a kan buhunan fulawa da aka ɗinke. Sau da yawa mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba, sai ya ƙara macizai da wuƙaƙe da jini yadda ransa ya so. Yau ana baje waɗannan zane-zane a gidajen adana kayan fasaha a Turai da Amurka. Mai yiwuwa ne ɗan kallon da ya saba da su ya riƙa ɗaukarsu kamar kirari. Amma zanen fenti yana shelar kansa cewa zane ne. Hoton da ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa yanzu kamar an ciro shi daga cikin fim yake, har da ƙura da hasken wuta a fuska. Mai kallo a Bungudu ba shi da wata alama da za ta gaya masa cewa wannan mutumin ba ya cikin fim ɗin.

Rabi na biyu na maganarsa shi ne ya tsayar da ni. Gaskiya ne ba dole fasta ta zama hoton da aka yanko daga fim ba. Tana iya zama ishara. Ana iya zana abin da ba a gani ba a fim, ya kuma fi kowane hoto faɗin gaskiyar fim ɗin. Ban yarda da masu cewa duk abin da ba a ɗauka da kyamara ba ha'inci ne. To, me ya hana bindigar ta zama ishara?

Abin da na gano shi ne, fasta ba jigon labari kawai take faɗa ba, tana faɗin irin zaman da za ka yi da shi. Mutum da bindiga da wuta yana cewa: shigo, za a yi gudu, za a yi harbi, zuciyarka za ta buga. Wanda ya amsa wannan kiran zai tarar da tsoho yana fere ƙota, kafin minti uku ya fita yana tsaki, ya kuma gaya wa abokinsa fim ɗin banza ne. Wanda kuwa aka yi fim ɗin dominsa, mutumin da ya gaji da ganin bindiga a waya da a mafarki, wanda zai ga mahaifinsa a jikin tsohon nan, shi da ya ga fastar zai kau da kai. An yaudari na farko, an kori na biyu. Gwanintar yaran duka tana cikin ƙin nuna bindigar da suka yi, suka bar mu da ƙarar babur da fitila a kashe. Fastar tana rushe abin da suka gina da hannunsu.

Masana'antar Kano ta bi ta wannan hanyar, kuma duk wanda ya sayi kaset ya shaida. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, har zuwa lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar dillancin finafinai, fuskar da ke kan kwali ita ke sayar da fim. Ka sayi kaset don babban jarumin da ya cika fasta, ka kai gida ka tarar fitowa biyu ya yi ya ɓace. Ka ga tirela cike da waƙa da kuka da mari, ka tarar duk abin da fim ɗin ya mallaka ke nan. Ba na cewa wannan ne ya karya kasuwar faifai. Satar fasaha da tauraron ɗan Adam da wayar hannu sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma na san mutane da yawa da suka daina yarda da kwali tun kafin kwalin ya ɓace. Hadisi ya gargaɗi ɗan kasuwa cewa rantsuwa tana tafiyar da kaya amma tana shafe albarka, kuma a ganina yardar mai saye tana cikin albarkar da ake nufi.

Da a wani gari muke, da a nan zan tsaya. Amma a Zamfara muke, kuma a nan bindiga a kan takarda ba ado ba ce. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Satumban wannan shekarar aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako. A Satumban 2023 aka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida, a cikin ƙaramar hukumarmu ta Bungudu, aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, mafi yawansu mata. Fastar nan a bangon makaranta za a liƙa ta, inda ƙawayen irin waɗannan ɗaliban ke wucewa kullum. A WhatsApp za ta shiga wayar matar da ta sayar da gona ta biya kuɗin fansa. Na tambayi yaran: wannan tsoron da kuke so ku tsai da yatsa da shi, na wane ne? Wa ya ba ku shi ku yi talla? Ba ina nufin kada a yi fim a kan abin da ya same mu ba. A yi, kuma su ne suka fi cancanta su yi, don a cikinsa suka girma. Amma ba da labarin ciwon mutane daban, kafa shi a bakin ƙofa don ya jawo 'yan kallo daban.

Sannan ga fuskar da na'urar ta zana. An ce mata ta fito da ɗan bindiga, ta fito da mutum dogo, siriri, mai hasken fata, da rawani. Duk wanda ya kalle shi a nan ya san ƙabilar da hoton ke nunawa da yatsa. Fim ɗin bai ambaci ƙabilar kowa ba, ko sau ɗaya. Fastar ce za ta ɗora laifin a kan jama'a guda, har da bafulatanar da ke kawo mana nono, alhali su ma an kore musu shanu. Wannan ya wuce algus a ciniki, ya shiga shaidar zur a kan maƙwabci.

Abu na ƙarshe, wanda babu ɗayansu da ya yi tunaninsa, shi ne tsohon da kansa. Ba ɗan wasa ba ne, dattijo ne na unguwa da ya yarda ya taimaki jikokinsa. Ya amince a ɗauke shi yana gyaran galma. Bai amince a liƙa fuskarsa kusa da ɗan bindiga a watsa a duniya ba, a ƙasar da kowa ke tsoron infoma, inda hoto ɗaya ke iya sa a ce wane ya yi magana a kan su wane. Ɗaliban za su karɓi makinsu su tafi hidimar ƙasa. Shi yana nan, gidansa a bakin gari. Fuskar mutum amana ce a hannun wanda ya ɗauke ta, kuma izinin da ya bayar na abu ɗaya ba ya zama izinin komai.

Da na kawo wannan, ɗan ƙanwata ya yi shiru, sannan ya ce, “Wanga kam ban duba shi ba, Kawu.”

Mun koma cikin fim ɗin muka nemi abin da ke akwai. Akwai inda tsohon ya fita bayan gari da yamma, ya tsaya inda hanyar gona ta fara, galma a kafaɗa, bai ƙara taku ba. Ta baya aka ɗauke shi, ba a ganin fuska. Shi muka ɗauka. Na ƙara wa sararin sama duhun hadari kaɗan, na faɗaɗa hanyar a cikin hoton don idon mai kallo ya bi ta, na sa sunan fim ɗin da manyan baƙaƙe a sama. Wannan gyara ne, kuma ban ga laifinsa ba, don bai ƙara wa fim ɗin abin da ba shi da shi ba. A ƙasa muka rubuta cewa gajeren fim ne na ɗalibai, minti 22, an ɗauka da waya. Muka jera sunan duk wanda ya yi aiki, har da wanda ya riƙe sandar makirfo, don suna a fasta haƙƙi ne, kuma yawanci ƙananan ma'aikata ake mantawa. Sunan dattijon kuwa, sai da aka je aka tambaye shi; ya ce a bar shi, aka bar shi. Tirelar ma suka sake yanka ta, ta tafi a hankali kamar yadda fim ɗin ke tafiya. Mai tace hoton bai gamsu ba har aka gama. Yana ganin mun yi asarar 'yan kallo, kuma ta fuskar lissafi ina jin yana da gaskiya.

Saura magana ɗaya, ita kuwa daga ɗalibar da ta ɗauki sauti ta fito. A tsakiyar fim ɗin, inda tsohon ke gaya wa ɗansa dalilin da ba zai bar garin ba, iska ta buga makirfo, rabin maganar ba a ji sosai. Ta ce tunda ana ta zancen ɓoye aibi, wannan fa? Risala ta hana mai kaya ya ɓoye abin da in ya faɗa mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi. Ni ra'ayina, ba dole ne fasta ta zama takardar lissafin kurakurai ba. Wanda ya karanta cewa fim ɗin ɗalibai ne da aka ɗauka da waya, an riga an gaya masa irin sautin da zai tarar, kamar yadda aka san kowane kaya da darajarsa. Ita ta ce wannan ya isa ga sauran wuraren, amma nan ne zuciyar labarin, kuma mutum zai zauna minti goma yana jiran maganar da ba zai ji ba. Ba mu daidaita a kan ko wajibi ne ba. Ta koma makaranta ta zauna da mai tace hoton, suka sa rubutun maganar tsohon a ƙasan allo a daidai wurin, da Hausa, sannan ta ƙara layi ɗaya a bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon cewa akwai ƙarar iska daga minti na goma sha ɗaya zuwa na goma sha uku.